ELDA, ITACEN ABINCI DA MAGANI NA ƘASAR TURAI

Kowace ƙasa da irin itatuwan da mutanenta su ke mora. Mu a nan muna da kuka, da tsamiya, da ɗorawa, da ɗinya, da zogale. Ba yaron da bai san miyar kuka ba, ko kunun tsamiya, ko daddawar da a ke yi da kalwa. To, haka su ma mutanen Turai su ke da nasu itatuwan jeji, waɗanda su ke ci, su sha, su yi magani da su tun zamanin kakanninsu. Yau za mu karanta labarin ɗaya daga cikinsu.

Mutanen Ingila suna kiran wannan itace elda, Jamusawa su ce holunda, Faransawa kuwa su ce suro. Ba shi da suna da Hausa, gama ba ya cikin itatuwan ƙasarmu. A shekarar 1753 wani masanin tsire-tsire mutumin Suwidin, mai suna Liniyas, ya raɗa masa suna da harshen Latin, watau Sambucus nigra. Ma'anar kalma ta biyun "baƙi", saboda baƙin 'ya'yansa.

Abin da ya sa ya kamata ku san labarinsa shi ne, a jikin wannan itace guda akwai abin ci, akwai abin sha, akwai magani, akwai kuma guba. Wanda ya san abin da zai ɗiba, da yadda zai sarrafa shi, ya amfana. Wanda bai sani ba kuwa, ya sha wuya.

Kamannin Itacen

Elda ba babban itace ba ne. Galibi tsawonsa kamar ƙafa 20 ne, ko da ya ke a kan sami wanda ya fi haka. Yana tsirowa a kusan ko'ina cikin Turai, da yammacin Asiya, da duwatsun Afirka ta Arewa, yana kuwa da 'yan'uwa a Amurka. Ya fi son wuri mai laima da taki, don haka a kan same shi a shingen gonaki, da bakin rafi, da tsohon juji, da kufai. Sau da yawa ba wanda ya shuka shi. Tsuntsaye ne su kan ci 'ya'yan, su tashi su kasayar da ƙwayar a wani wuri, sai ta tsiro.

Ganyensa ya yi kama da na dogon yaro, watau ƙananan ganyaye 5 ko 7 jere a jikin tsinke ɗaya, bakinsu da 'yan haƙora kamar zarto. In an murtsuke ganyen sai ya yi wari marar daɗi. Don haka manoman Ingila na dā su kan ɗaura shi a kan dawakinsu domin korar ƙuda.

In ka kare reshensa ɗanye, za ka tarar da wani farin abu mai taushi a ciki, kamar totuwar kara. Yaran Turai su kan zuƙule totuwar nan, su yi sarewa ko bindigar wasa da reshen. Wannan tsohuwar al'ada ce ƙwarai, gama Filini, wani marubucin Rumawa wanda ya mutu a shekarar 79, ya rubuta cewa makiyayan zamaninsa suna yin abin busa da elda.

Sau biyu a shekara itacen ya ke yi wa mutane kyauta. A ƙarshen watan Mayu da cikin Yuni ya kan rufe da furanni, daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba kuma 'ya'yansa su nuna.

Amfanin Furanni

Furen elda ɗan ƙanƙane ne, fari mai ɗan rawaya-rawaya. Amma furannin ba su fitowa ɗai-ɗai. Ɗaruruwa su ke haɗuwa wuri guda, su yi fāɗi kamar ɗan faifai, ya kai tafin hannun babban mutum, wani ma ya fi. Suna da ƙanshi mai daɗi, har mai wucewa ya kan ji shi daga nesa.

Masu ɗiba su kan fita da hantsi, ranar da babu ruwan sama, bayan raɓa ta bushe. Suna zaɓen furannin da suka buɗe sababbi, su bar waɗanda suka fara yin ƙasa-ƙasa, gama waɗannan sun soma wari. Ba su ɗiba a bakin hanyar mota, saboda hayaƙi da ƙura. In sun kawo gida sai su kakkaɓe su a hankali don ƙwari su fita. Da yawa ba su wanke su, domin yawancin ƙanshin yana cikin ɗan garin nan rawaya da ke jikin furen, ruwa kuwa ya kan tafi da shi.

Babban abin da a ke yi da furannin shi ne wani abin sha mai zaƙi. Ga yadda matan Ingila su ke haɗa shi. A sami faifan fure kamar 20, da sukari kilo 1, da ruwa lita 1 da rabi, da lemon tsami 2 ko 3. A tafasa ruwan, a narka sukari a ciki, a sauke. A yanke kaurin tsinken furannin a zubar, sa'an nan a zuba furannin cikin ruwan sukarin nan tare da yankakken lemon tsami. A rufe tukunya, a bar shi ya kwana ya wuni, watau awa 24. Kashegari a tace da ƙyalle mai tsabta, a ɗura a kwalabe, a ajiye wuri mai sanyi. In za a sha sai a tsiyaya kaɗan a kofi, a cika da ruwan sanyi. Yadda mu ke tarbar baƙo da zoɓo ko kunun zaƙi lokacin zafi, haka su ke yi da wannan. Mutanen Suwidin, da Denmak, da Romaniya duk suna da irin nasu haɗin.

A Jamus da Ostiriya kuma har soya furen a ke yi. A kan dama ƙullun fulawa da ƙwai da madara, a kama faifan fure ta tsinke, a tsoma shi cikin ƙullun, a jefa cikin mai mai zafi kamar yadda a ke tuyar ƙosai. In ya yi ja sai a tsame, a barbaɗa sukari, a ci furen a bar tsinken. Waɗansu kuma su kan sa furen cikin kek don ƙanshi. Da aka yi bikin auren Yarima Hari na Ingila a watan Mayu na shekarar 2018, da lemon tsami da furen elda aka ƙamsasa kek ɗin bikin.

Amma mai hankali ba ya tsinke furannin itace duka. Kun san fure shi ke zama ɗa. Wanda ya kwashe fure kaf a watan Yuni, ba zai sami 'ya'ya a Satumba ba, tsuntsaye ma su rasa abinci.

Amfanin 'Ya'ya

'Ya'yan elda ƙanana ne, ba su fi ƙwayar masoro girma da yawa ba. Da fari kore ne, sa'an nan su yi ja, in sun nuna sosai su yi baƙi mai shuɗi-shuɗi, su yi nauyi har gungun ya sunkuyo ƙasa. Ruwansu ja ne wur, ya kan rina hannu da tufafi. Abin da ya ba su wannan launi dangi ɗaya ne da abin da ya ba zoɓo jansa. Suna kuma ɗauke da bitamin C, irin wanda a ke samu cikin lemo da gwaiba.

Ba a cin 'ya'yan elda ɗanye. Ku riƙe wannan da kyau, nan gaba za ku ji dalili. In an kawo su gida, a kan sa cokali mai yatsu a tsefe su daga tsinke, a tsince kore da waɗanda ba su gama nuna ba a zubar, a fitar da kowane ganye da tsinke. Sa'an nan a wanke, a zuba a tukunya da ruwa, a tafasa kamar minti 30 ba tare da murfi ba. In sun dahu a murƙushe su, a tace. Ruwan da aka tace shi ne a ke sarrafawa iri-iri.

In aka mai da shi wuta da sukari, da citta, da kanumfari, da kirfa, sai ya zama maɗi mai kauri, kamar maɗin ɗinya. Wannan a kan ajiye shi a kwalba don lokacin hunturu, a riƙa zuba kaɗan cikin ruwan zafi ana sha. In aka haɗa shi da tuffa da sukari aka daɗa dafawa har ya daskare, sai ya zama abin shafawa a burodi. A arewacin Jamus da Denmak kuwa miya su ke yi da shi, mai zaƙi da ɗan tsami, su sa yankakken tuffa da 'yan curin garin alkama a ciki, su sha da zafinta ranar da a ke tsananin ɗari.

Yanzu ba a jeji kaɗai a ke samun elda ba. A lardin Sitiriya na ƙasar Ostiriya manoma suna shuka shi gona-gona, su sayar wa masana'antu. Can a ke matse ruwan, a yi abin sha da shi, ko a rina alewa da waɗansu kayan abinci.

Maganin Gida

Turawa sun daɗe suna ɗaukar elda tamkar akwatin maganin talaka. A ƙarni na 17 wani likita Bajamushe, Martin Blochwitz, ya rubuta littafi sukutum a kan magungunan da a ke yi da wannan itace kaɗai, daga baya aka juya shi da Turanci. Saboda girman da su ke ba shi, har camfi ya shiga. Mutanen Denmak na dā sun ɗauka wai akwai wata tsohuwa da ke zaune cikin itacen, ba a sare shi sai an nemi izininta. Wannan ya yi kama da abin da waɗansu su ke faɗi a nan game da kuka da tsamiya, wai gidan iskoki ne.

Maganin da aka fi sani shi ne shayin fure. A kan shanya furannin a inuwa har su bushe, a ajiye. In mura ta kama mutum, sai a ɗebi kamar cokalin shayi 2, a zuba tafasasshen ruwa kofi ɗaya a kai, a rufe minti 10, a tace, ya sha da zafi, ya shiga bargo don ya yi gumi. Waɗansu su kan ƙara na'ana'a. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta yarda a yi amfani da furen elda don sauƙaƙa farkon mura, bisa ga daɗewar da aka yi ana sha. Amma ta ce kada a ba yaron da bai kai shekara 12 ba a matsayin magani, domin ba a gwada shi ga yara yadda ya isa ba. Ta kuma ce in ciwon ya wuce mako guda, ko zazzaɓi ya shiga, ko numfashi ya yi wuya, to, a tafi wurin likita.

Maɗin 'ya'yan kuma fa, yana warkar da mura? Likitoci sun gwada don su gani. Yadda su ke gwaji shi ne, su raba marasa lafiya kashi biyu, su ba kashi ɗaya maɗin elda, ɗaya kashin kuma su ba su wani maɗi mai kama da shi wanda babu elda a ciki, ba kuwa wanda ya san wane iri ya sha. A wani gwaji da aka yi a Norwe da mutum 60 masu babbar mura, wanda aka buga a shekarar 2004, waɗanda suka sha elda sun riga sauran samun sauƙi da kamar kwana 4. Amma a wani gwajin da aka yi a Amurka da mutum 87, wanda aka buga a shekarar 2020, ba a ga wani bambanci ba. Kun ga gwaji biyu sun saɓa wa juna. Saboda haka likitoci suna ɗaukar maɗin elda abin sha ne mai ɗumama jiki, wanda mai yiwuwa ya ɗan rage wahalar mura. Ba ya hana ta kama mutum, ba ya kuma tsayawa a madadin allurar rigakafi ko maganin asibiti.

Gubar da ke Cikinsa

Yanzu ga dalilin da ya sa ba a cin 'ya'yan ɗanye. A cikin ganyen elda, da ɓawonsa, da saiwarsa, da tsinkensa, da ɗanyun 'ya'yansa, da ƙwayar da ke cikinsu, akwai wani abu wanda in ya shiga ciki ya kan saki guba mai suna sayanaid. Akwai kuma waɗansu abubuwa masu tā da zuciya. Wanda ya ci da yawa ya kan yi amai, da zawo, da ciwon ciki, da jiri. Yaro ya fi babba saurin jigata, gama jikinsa ƙarami ne. Wuta ita ce ke kashe wannan guba, ta fitar da ita tare da tururi. Shi ya sa a ke dafa 'ya'yan ba murfi.

Ga abin da ya faru ga waɗansu mutane da ba su kula da wannan ba. A watan Agusta na shekarar 1983, mutum 25 suka yi taro a wani wuri cikin jeji a yankin Montere, jihar Kalifoniya ta Amurka. Aka ɗebo 'ya'yan wani irin elda na ƙasar, aka matse su ɗanye, har da ganye da 'yan rassa, aka haɗa abin sha. Ba a yi minti 15 da sha ba, sai mutum 11 suka fara tashin zuciya da amai. Waɗansu jikinsu ya mutu, waɗansu jiri ya kwashe su. Ran 26 ga watan aka ɗauki mutum 8 cikin jirgin sama mai saukar ungulu zuwa asibiti. Wanda ya fi sha, har kofi 5, sai da ya kwana can. Duka sun warke, amma da an fitar da ganyen an dafa 'ya'yan, da ba su sha wannan wuya ba.

Kada ku yi mamakin itace mai abinci da guba tare, gama muna da irinsa a nan. Rogo ma yana da guba dangin wannan, musamman rogo mai ɗaci. Shi ya sa a ke fere shi, a jiƙa shi kwanaki, ko a goge shi a matse ruwan, a soya ya zama gari. Wanda ya ci rogo mai ɗaci ba a sarrafa shi ba, ya kan bugu, wani ma ya rasa ransa. Matar Ingila mai dafa elda da matar da ke jiƙa rogo a nan ba su taɓa ganin juna ba, amma dabararsu ɗaya ce, kowacce kuwa daga wurin iyayenta ta koya.

Akwai wani hatsari kuma. A jejin Turai akwai tsire-tsire masu kama da elda. Ɗaya ɗan'uwansa ne gajere, ba ya zama itace, gungun 'ya'yansa kuma sama ya ke kallo maimakon ya sunkuyo. Wannan ba a cinsa. Akwai kuma wata ciyawa da a ke kira hemlok, mai fararen furanni a tattare kamar laima, wadda gubarta ke kashe mutum. Hausawa sun ce, kama da wane ba ta wane. Don haka iyaye a can ba su barin yaro ya tafi ɗiban elda shi kaɗai, sai tare da babba wanda ya san itacen sarai, ya duba ganye, ya duba ɓawo, ya shinshina fure, kafin ya tsinka.

Abin da Za Ku Riƙe

Mai yiwuwa waɗansunku su je Turai wata rana su ga elda a shinge, ko su ga maɗinsa a kwalba a kantin magani. Amma ko ba ku taɓa ganinsa ba, abin da ya koya mana yana da amfani a nan gida. In kun je jeji kiwo ko itace, kuka ga 'ya'yan itacen da ba ku sani ba, kada ku ci don sun yi kyau a ido, ko don kun ga tsuntsu yana ci. Tsuntsu ya kan ci abin da zai kayar da mutum. Ku tsinko da ganyensa ku nuna wa babba, gama matambayi ba ya ɓata.

Kada kuma ku haɗa wa kanku ko ƙannenku magani, ko na gida ne, sai da sanin iyaye. In zazzaɓi ya kama ɗayanku, kada a ce mura ce a zauna ana shan jiƙo. A ƙasarmu sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne, shi kuwa ba ya jira. A kai yaro asibiti a auna jininsa tun da wuri.

Tambayoyi

1. A waɗanne ƙasashe elda ya ke tsirowa, wa ke kuma shuka shi a jeji?
2. A wane wata ya ke yin fure, a wane wata 'ya'yansa su ke nuna?
3. Don me masu ɗiban furanni ba su son wanke su?
4. Faɗi abu uku da a ke yi da 'ya'yan elda bayan an dafa su.
5. Wane kuskure mutanen da suka yi taro a Kalifoniya suka yi a shekarar 1983?
6. Ta wace hanya elda ya yi kama da rogo?
7. Yaya likitoci su ke gwada magani don su san ko yana aiki?
8. Mene ne ma'anar "kama da wane ba ta wane"?

Aiki

Ka tambayi wani dattijo ko wata dattijuwa a gidanku sunan itace ɗaya na ƙasarku wanda a ke ci ko a ke magani da shi. Ka rubuta abin da a ke ɗiba a jikinsa, da lokacin ɗibansa, da yadda a ke sarrafa shi, da abin da aka hana a yi da shi. Ka zana ganyensa a littafinka, ka kawo wa malam.